BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN HUJJAR MAI GOYON BAYA A MAUDU'IN KASHE ƊAYA DON CETON MASU YAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda muhawarar Lincoln-Douglas ta samo asali a makarantun sakandare na Amurka, da yadda ƙungiyar National Forensic League, wadda aka kafa a 1925 aka kuma sauya mata suna zuwa National Speech and Debate Association a 2014, ta shigar da ita cikin gasar ƙasa a 1980. An kuma nuna cewa an raɗa mata wannan suna ne domin tunawa da muhawarori bakwai da aka yi tsakanin Abraham Lincoln da Stephen Douglas a jihar Illinois a 1858 a kan batun bauta. Wato ke nan tun daga sunanta an nufe ta ne da tattauna abin da ya dace da abin da bai dace ba, saɓanin muhawarar tsare-tsaren gwamnati wadda ta girme ta.

A wannan babi za a ɗauki maudu'i guda ɗaya a yi sharhi a kan irin hujjar da mai goyon baya ya saba kafawa a kansa. Maudu'in shi ne wanda ƙungiyar ta bayar na watannin Satumba da Oktoba na 2008, wanda ke cewa ya halatta a fuskar ɗa'a a kashe mutum ɗaya mara laifi domin a ceci rayukan mutane marasa laifi da suka fi shi yawa. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, a nan ɗalibi ba shi da alƙaluma ko rahoton wata hukuma da zai fake da su. Duk ƙarfin jawabinsa ya rataya ne a kan mazhabar ɗa'a da ya zaɓa, don haka ƙarfin mazhabar da rauninta suna fitowa fili ƙarara.

4.1 Shimfiɗa da Agogo

Bisa al'adar wannan muhawara, mai goyon baya yakan buɗe jawabinsa da abubuwa biyu kafin ya shiga hujjoji. Na farko shi ne ƙima, wato babban abin da ake so a cim ma, kamar adalci ko kyakkyawar ɗa'a. Na biyu shi ne ma'auni, wato mudun da alƙali zai auna da shi ya gane ko an cim ma ƙimar ko ba a cim mata ba. Waɗannan biyun a haɗe su ne ake kira shimfiɗa a cikin wannan kundi. Mai adawa shi ma yakan zo da tasa shimfiɗar, sa'an nan a yi ta ja-in-ja a kan wadda alƙali zai ɗauka.

Ba za a fahimci abin da ya sa shimfiɗa ta yi irin wannan nauyi ba sai an dubi rabon lokaci. Mai goyon baya yana da minti 6 na jawabin farko, sai mai adawa ya titsiye shi da tambayoyi na minti 3. Mai adawa ya yi nasa jawabin na minti 7, shi ma a titsiye shi na minti 3. Daga nan mai goyon baya ya yi raddi na minti 4, mai adawa ya yi na minti 6, mai goyon baya ya rufe da minti 3. A lissafi kowanne ya sami minti 13, to amma inda gizo ke saƙa shi ne raddin nan na minti 4, domin a cikinsa ne mai goyon baya zai amsa duk abin da aka zuba masa a cikin minti 7, ya kuma sake ɗaga nasa hujjojin. Ga kuma al'adar da ke cewa duk hujjar da aka wuce ba a taɓa ta ba, to an amince da ita ke nan, kuma ba a kawo sabuwar hujja a jawabin ƙarshe.

Saboda haka ɗalibin da ya san abin da yake yi yakan nemi ma'aunin da, in dai alƙali ya karɓe shi, zai rushe hujjojin abokin hamayya gaba ɗaya ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan dabara ce mai kyau a fagen gasa, kuma ba laifin ɗalibi ba ne da ya yi amfani da ita. Sai dai ya kamata a lura da abin da take haifarwa: ana zaɓen mazhabar ɗa'a ne gwargwadon saurin bayyana ta. Mazhabar da za a iya faɗa a cikin jimla ɗaya ta fi wadda ke buƙatar sharuɗɗa da togaciya samun kasuwa, ko da kuwa ta biyun ce ta fi kusa da gaskiya. Yawancin abin da za a soka a ƙasa daga nan ya taso.

4.2 Lafazin Maudu'i

Akwai kalmomi a cikin maudu'in waɗanda ya wajaba a tsaya a kansu. Mafi muhimmanci ita ce "ya halatta". Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ko da na farko-farko ya san bambancin halal da wajibi: wajibi ana zargin wanda ya bar shi, halal kuwa wanda ya aikata da wanda ya bari duk ba a zarginsu. Maudu'in bai ce dole ne a kashe ɗayan ba, abin da ya ce kawai wanda ya kashe ɗin bai yi laifi ba. Wannan rangwame ne babba aka yi wa mai goyon baya, kuma abin mamaki shi ne yadda shimfiɗar da aka fi yayi take watsar da shi, kamar yadda za a gani.

Sai kalmar "kashe". Ba a ce a ƙyale mutum ya mutu ba, ba a kuma ce a zaɓi wanda za a ceta tsakanin ɗaya da biyar ba. An ce a kashe. Har ila yau ba a ambaci mai kisan ba, ko gwamnati ce, ko likita, ko mai wucewa a hanya. Ba a kuma faɗi yawan waɗanda za a ceta ba, wanda ke nuna cewa biyu ma sun isa a kira su masu yawa a kan ɗaya. A ƙarshe akwai taƙaddamar da ba ta ƙarewa a irin wannan muhawara, wato ko misali ɗaya tak da kisan ya halatta a cikinsa ya ishi mai goyon baya, ko kuwa sai ya tabbatar da maganar a matsayin ƙa'ida ta gaba ɗaya. Alƙalan da suka riƙe al'adar gargajiya sun fi karkata ga na biyu.

4.3 Hujjar Lissafi

Shimfiɗar da ta fi saurin zuwa a zuciyar mai goyon baya ita ce ta mazhabar duba amfani, wadda ake dangantawa da Bentham (1789) da Mill (1863). A taƙaice wannan mazhaba tana auna aiki ne da sakamakonsa: aikin da ya fi kawo alheri ga mafi yawan jama'a shi ne daidai. Ɗalibi sai ya ce ƙimarsa ita ce kyakkyawar ɗa'a, ma'auninsa kuwa yawaita rayukan da aka ceta. Sa'an nan ya kafa hujja da cewa rayuka duk darajarsu ɗaya, kuma in darajarsu ɗaya ce to biyar sun fi ɗaya.

Dole a yarda cewa wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ƙarfinta ya wuce sauƙin faɗa. Tana tilasta wa mai adawa ya fuskanci mutanen nan biyar, waɗanda a jawabin adawa sau da yawa akan manta da su kamar ba rayuka ba ne. Mai adawa da ya ce hannunsa a wanke yake tun da bai kashe kowa ba, sai a tambaye shi ko tsabtar hannun mutum ɗaya ta kai darajar rayuka huɗu da aka yi asara a banza. Tambayar tana da nauyi, kuma ɗalibai da yawa ba su da amsarta.

To amma idan aka dubi shimfiɗar da kyau za a ga ma'aunin maudu'in ne kansa aka sake wa riga. An tambayi ɗalibi ko ya halatta a kashe ɗaya don ceton masu yawa, shi kuma ya ce a auna da yawan waɗanda aka ceta. Wanda ya karɓi wannan mudu ya riga ya karɓi amsar. Hujjojin da ke biyo baya, waɗanda sukan cinye minti 4 ko fiye na jawabin, maimaici ne kawai, alhali ainihin abin da ake jayayya a kai, wato me ya sa za a auna da yawa, an ba shi jimla biyu ko uku a farkon jawabi. Jawabin da ya fi inganci shi ne wanda ya juya wannan rabo, ya kashe mafi yawan lokacinsa wajen kare ma'aunin.

Aibi na biyu ya fi wannan girma. Mazhabar duba amfani ba ta san halal ba a irin wannan hali, wajibi ta sani. In ceton biyar ya fi alheri, to wanda ya ƙi kashe ɗayan ya yi laifi. Ke nan ɗalibin da aka ɗora wa ƙaramin kaya ya je ya ɗauko babba da kansa. Mai adawa kuwa yana jiran sa a lokacin titsiye da misalin da Thomson (1976) ta yi fice da shi: likita yana da majinyata biyar, kowanne yana buƙatar dashen wani sashe na jiki, sai ga lafiyayyen mutum ya shigo asibiti. Shin likita ya yanka shi ya raba wa biyar ɗin? In ɗalibi ya ce i, ya rasa alƙali, musamman in iyaye ne ko malaman makaranta ke alƙalanci, kamar yadda aka saba a ƙananan gasanni. In ya ce a'a, ya saki ma'auninsa da hannunsa.

Mafitar da aka saba bi ita ce a ce in likitoci suka riƙa yin haka mutane za su guji asibiti, mace-mace su ƙaru, don haka lissafin kansa ya hana. Wannan gudun gara ne a faɗa zago. Amsar tana nufin cewa laifin yanka mutumin shi ne kawai tsoron kada a ji labari, kuma da za a iya yi a ɓoye da ya halatta. Bugu da ƙari, in an yarda cewa ƙa'idar hana kisa ta fi kawo alheri a jimlace, to an miƙa wa mai adawa muhawarar ke nan, tun da abin da yake faɗa ke nan tun farko.

Akwai kuma batun tabbas. Misalan falsafa suna zuwa ne a wanke, an san ɗaya zai mutu, an san biyar za su rayu. Shari'ar Dudley da Stephens da aka yi a Ingila a 1884 ta nuna yadda abin yake a zahiri. Jirgin ruwa mai suna Mignonette ya nutse, mutum huɗu suka tsira a cikin ɗan kwalekwale. Bayan kimanin kwana 20 cikin yunwa da ƙishirwa, biyu daga cikinsu suka yanke shawarar kashe yaron jirgin, mai shekara 17, suka rayu da namansa. Kwana huɗu bayan haka wani jirgi ya tsince su. Kotu ta ƙi karɓar larura a matsayin uzurin kisan kai, ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Abin lura a nan shi ne wanda aka zaɓa: mafi ƙanƙanta, mafi rauni, ba a yi ƙuri'a ba, ba a kuma nemi yardarsa ba. Ma'aunin yawaita rayuka ba shi da abin cewa game da wanda ke riƙe da wuƙa da wanda ke kwance, domin a wurinsa ɗaya dai ɗaya ne.

Wasu ɗalibai sukan ƙarfafa shimfiɗar da Goodin (1995), wanda ya kare mazhabar duba amfani a matsayin wadda ta dace da masu tsara manufofin gwamnati, tun da su da jama'a a dunƙule suke hulɗa. Ko da an karɓi wannan, maudu'in bai ambaci gwamnati ba. Kuma ko a wajen gwamnatin ma maganar ba ta tsaya ba. A 2005 Jamus ta kafa dokar da ta ba da damar harbo jirgin sama da aka sace in ana nufin a yi amfani da shi a hallaka jama'a, amma ranar 15 ga Fabrairu, 2006 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta soke wannan sashe, bisa hujjar cewa ya mayar da fasinjoji marasa laifi tamkar kayan aiki, abin da ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam da sashe na 1 na tsarin mulkin ya kare.

4.4 Zanen Aro

Tun da an san cewa mai adawa zai zo ne da Kant (1785), wanda ya ce bai halatta a ɗauki mutum a matsayin hanya kawai ta biyan wata buƙata ba, ƙwararrun ɗalibai sukan yi ƙoƙarin riga shi shiga gidan. Makaminsu a nan shi ne Cummiskey (1996), wanda ya yi jayayya cewa girmama ɗan Adam irin na Kant, in aka bi shi har ƙarshe, zai iya kai mutum ga sadaukar da kaɗan domin ceton masu yawa, tun da waɗanda za a ceta su ma masu mutunci ne daidai da wanda za a kashe. A fagen gasa wannan dabara ce mai kaifi, domin tana ba mai goyon baya damar cewa ko da ma'aunin wa alƙali ya ɗauka, shi ne ya ci.

Matsalar ita ce yadda ake gabatar da ita. Ɗalibi yakan karanta guntun sakin layi da ya yanko, abin da masu muhawara ke kira kati, ya wuce kamar wannan shi ne ra'ayin Kant. Alhali kuwa Cummiskey yana sane da cewa yana saɓa wa fahimtar da aka saba yi wa Kant, kuma littafi guda ya rubuta don kare wannan saɓani. Kati na daƙiƙa 20 ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Mai adawa da ya yi karatu zai nuna cewa umurnin a girmama mutum ya bambanta da umurnin a yawaita masu mutunci a duniya, wanda shi ne bambancin da Nozick (1974) ya gina batun haƙƙi a kansa, inda ya ɗauki haƙƙin mutum a matsayin shingen da ba a tsallakewa ko da tsallakewar za ta rage yawan keta haƙƙi.

Haka ake yi wa Rawls (1971). Ɗalibi yakan ce a ɗauka mutane suna bayan labule, ba wanda ya san ko shi ne ɗayan ko yana cikin biyar ɗin, to kowa zai zaɓi ƙa'idar da ta fi ba shi damar rayuwa. Hujjar tana da kyau, sai dai mai ita shi ne Harsanyi (1955). Rawls ya yi amfani da labulen ne ya kai ga ƙin mazhabar duba amfani, har ya zarge ta da rashin kula da cewa kowane mutum daban yake da ɗan'uwansa. Jingina masa akasin abin da ya faɗa kuskure ne na ilmi ko da alƙali bai kama ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wani ruɗanin na daban shi ne kawo hujjojin da suka shafi wanda za a ceta a wurin da ake maganar wanda za a kashe. Taurek (1977) ya yi jayayya cewa in magani ɗaya ne, ga mutum ɗaya ga kuma biyar, yawa ba dalili ba ne, gara a yi ƙuri'a. Scanlon (1998) yana cikin waɗanda suka kare ceton masu yawa ba tare da tara rayuka kamar hatsi ba. Duk wannan muhawara ce a kan ceto, kuma ko mai goyon baya ya ci ta, da sauran tafiya kafin ya isa ga kisa.

4.5 Ƙunƙuntacciyar Hanya

Hujjar da ta fi dacewa da lafazin maudu'in ita ce wadda ba a cika zaɓa ba. Maimakon ɗalibi ya yi iƙirarin cewa yawa ne ke yanke hukunci a kowane hali, sai ya yarda cewa kisa haramun ne a asali, sa'an nan ya nuna cewa akwai sanannen rukuni na halaye inda haramcin ke faɗuwa, ya kuma faɗi abin da ya haɗa su. Misalin Foot (1967) shi ne mafari: direban tarago ya kasa tsayar da shi, a gabansa ma'aikata biyar a kan dogo, a ɗaya reshen kuma mutum ɗaya. Ko ya juya ko bai juya ba taragonsa zai kashe, don haka zaɓinsa tsakanin kisa da kisa ne. Mafi yawan mutane sun yarda ya juya, kuma su ɗin dai ne suka ƙi yarda da likitan nan. Aikin mai goyon baya shi ne ya bayyana dalilin bambancin, misali da cewa a wajen likita mutuwar mutumin ita ce hanyar ceton, a wajen direba kuwa da mutumin zai tsallake ya tsira da ba abin da aka rasa.

Misalin Williams (1973) ya ƙara wani sharaɗi. Wani baƙo ya iske an jera mutum 20 za a harbe, sai shugaban sojojin ya ce in baƙon ya harbe ɗaya da hannunsa za a saki sauran. A nan wanda za a kashe zai mutu ko ta yaya. Williams kansa, duk da cewa ya kawo misalin ne don sukar mazhabar duba amfani, ya yarda cewa mai yiwuwa harbin ne daidai. Abin da ya ƙi shi ne a ce amsar a bayyane take ba wani nauyi a kan mai harbin. Irin wannan sharaɗi ya fito a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila a 2000, lokacin da ta ba likitoci izinin raba tagwayen da aka haifa a manne, alhali an san mai raunin za ta mutu nan take, domin in ba a raba su ba duka biyun za su mutu cikin 'yan watanni. Sai dai ɗalibin da zai kawo wannan shari'a ya sani cewa ɗaya aka kashe aka ceci ɗaya, don haka ba yawa ne ya yi aiki a cikinta ba.

Ba laifi a ambata a nan cewa mas'alar ta girmi duk waɗannan marubuta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna a cikin al-Mustasfa halin da abokan gaba suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, ya kuma ɗaure halaccin harbi da sharuɗɗa masu tsauri: maslahar ta zama ta larura, tabbatacciya, wadda ta game al'umma baki ɗaya. Da ya zo kan jefa mutum ɗaya daga jirgin ruwa don sauran su tsira kuwa, sai ya hana, tun da adadinsu ƙididdigagge ne. Tsarin tunanin shi ne abin koyi ga mai muhawara: haramci ne asali, halacci kuwa sai da sharaɗi.

Wannan hanya ita ma ba ta kuɓuta daga suka ba. Kotun Jamus ɗin nan ta ƙi karɓar hujjar cewa fasinjojin ai matattu ne ko ta yaya. Thomson kuma, wadda a 1985 ta mayar da misalin tarago ya koma kan mai wucewa da ke tsaye kusa da makarkatar dogo, ta sake ra'ayi a 2008, shekarar da ɗalibai ke muhawarar, inda ta ce mai wucewan ba shi da damar ɗora wa wani mutuwar da shi ba zai yarda ya ɗauka ba. Ga kuma zargin da mai adawa zai yi cewa togaciya ce kawai aka kare, ba maudu'in ba. Duk da haka wannan shimfiɗa ta fi ta lissafi tsayuwa a gaban titsiye, domin mai ita zai iya cewa a'a ga likita ba tare da ya warware abin da ya tufka ba. Abin da ke kashe mata kasuwa shi ne agogo. Sharuɗɗa uku da dalilansu ba su shiga raddin minti 4 cikin sauƙi, musamman in mai adawa ya jefo suka guda goma.

4.6 Dabarar Shakka

A manyan gasanni irin wadda ake yi a Jami'ar Kentucky ta zakarun shekara, inda ɗalibai kan yi magana da gudun da ya kai kalma 300 a minti ko fiye, wata dabara ta daban ta yi fice a maudu'ai masu kalmar halacci. Mai goyon baya yakan ce duk abin da ba a hana ba halal ne, sa'an nan ya kawo hujjar cewa babu wata ƙa'idar ɗa'a da za a iya tabbatarwa. In babu ƙa'ida babu hani, in babu hani kisan ya halatta. Wani lokaci ma akan ɓoye wannan a cikin jimla ɗaya a farkon jawabi, a jira mai adawa ya wuce ta, sai a ɗago ta a raddi a ce an amince.

A fuskar ƙa'idojin gasa dabarar tana cin zaɓe a gaban alƙalin da ya ɗauki aikinsa a matsayin bin sawun hujjoji kawai. A fuskar ma'ana kuwa tana halatta komai, har da kashe biyar ɗin domin ceton ɗayan, ko kashe su duka shida ba dalili. Sashen maudu'in da ke cewa domin a ceci masu yawa ya zama ba shi da aiki ke nan. Kuma ana iya mayar mata da martani daga cikin gida, domin halacci shi ma hukunci ne na ɗa'a: in babu ɗa'a gaba ɗaya, to kalmar "ya halatta a fuskar ɗa'a" ba ta da abin da za ta tsaya a kai, kuma maganar da ba ta tsaya ba mai adawa take taimako. An sake samun maudu'i mai wannan kalma a watannin Janairu da Fabrairu na 2012, a kan ko ya halatta wanda aka daɗe ana azabtarwa a cikin gida ya kashe mai azabtar da shi da gangan. A can ma ƙofar wannan dabara a buɗe take, kuma za a duba yadda take shafar irin wancan maudu'i a babi na biyar.